Maharazu Baduku da Kuben Libarba

Babana, Malam Maharazu, baduku ne a unguwar Dukawa, cikin birnin Kano. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga saurin fushi. Tun da na yi wayo na san shi zaune a zauren gidanmu kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe, basilla a hannu, zare a baki. Gafaka yake ɗinkawa, da zabira, da kuben wuƙa da na takobi, sai kuma layu da malamai ke aiko masa ya rufe da jar fata. Idan majemi ya kawo masa fatar da jimarta ba ta nuna ba, shinshinawa yake yi, ya taɓa da harshe, sannan ya wurga wa mutum abarsa cikin lungu, ko wane ne shi. Shekara arba'in yana wannan sana'a ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan.

Ni ce Lauratu, 'yarsa ta huɗu. A cikinmu ni na ɗauko bakinsa, shi ya sa muka fi kowa faɗa da shi, muka kuma fi kowa shiri.

An kai ni gidan miji a 1965. Mijina Salim ɗan Larabawan unguwar Dandalin Turawa ne, waɗanda kakanninsu suka zo daga Tarabulus a kan raƙuma suka zauna. Mahaifinsa fatu yake saye yana turawa waje har ya rasu, shi kuwa Salim turare da zaren alharini yake sayarwa a kasuwar Kurmi. Mutum ne mai sanyi har ya so ya yi yawa. Ko kaza za a yanka a gidanmu sai an kira maƙwabci. Ƙane ɗaya gare shi, Ramadan, wanda shi ya riƙe shi tun bayan rasuwar iyayensu.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, samari suka yi ta shiga soja. Ramadan ya bi wani abokinsa ɗan unguwarsu mai suna Gwadabe, suka je aka ɗauke su rana ɗaya, ba tare da ya yi shawara da kowa ba. A farkon 1969 aka aiko mana cewa Ramadan ya rasu a bakin daga. Mun yi kuka, mun karɓi gaisuwa, mun ce haka Allah ya so. Da a nan maganar ta tsaya da ba ni da labarin da zan ba ku.

Ranar sadakar arba'in sai ga wani soja da aka sallamo saboda rauni, Audu sunansa, ya zo gaisuwa da sandarsa. Maimakon ya yi addu'a ya tashi kamar kowa, sai ya zauna ya kwance bakin jaka. Ya ce yana wurin lokacin da abin ya faru. Ya ce Ramadan bai mutu nan take ba, a cinya aka same shi, yana kwance a bakin wani rafi yana kiran Gwadabe da sunansa, Gwadabe ya waiwayo suka haɗa ido, ya juya ya gudu. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Abin da na sani shi ne mutumin nan ya ci tuwonmu, ya sha furarmu, ya tafi ya bar mana wuta a gida. Allah ya yafe masa, ni dai na daɗe ban yafe ba.

Salim ya daina cin abincin kirki. Bayan mako guda na shiga turakarsa da hantsi zan yi shara, na same shi zaune gaban adakar mahaifinsu a buɗe. A cinyarsa akwai wani tsumma mai maiƙo, a kan tsumman kuma ƙaramar bindiga, irin wadda ake kira libarba, baƙa wuluk tana sheƙi kamar yau aka ƙera ta. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ta Baba ce. Da ita yake ratsa sahara."

"To me za ka yi da ita?"

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da hankalina ya fi kwanciya. Ya ce, "An ce ana ba su hutu bi da bi. Duk ranar da Gwadabe ya taka garin nan, zan je in gaishe shi."

Na yi kuka, na yi magiya, na haɗa shi da Allah da Annabi, na tuna masa cikin da ke jikina wata uku. Ya saurare ni har na gama, ya naɗe bindigar ya sa a aljihu, ya tafi kasuwa. Lokacin mulkin soja ne. Wanda aka kama da bindiga ma kaɗai ya shiga uku, balle wanda ya harbe soja a tsakiyar gari. Na san in ya yi abin da ya ƙudura, gawa biyu za a yi, ta Gwadabe da tasa. Kai ƙara kuwa ba dama, domin ni da hannuna zan miƙa shi ke nan.

Bindigar tana da nauyi, tana jan rigarsa gefe guda, duk mai ido zai gane akwai abu a aljihun. Ga sojoji suna tare mutane a Ƙofar Nassarawa suna lalube. Sai na ga mafita. Na ce masa ya je wurin Babana ya ɗinka masa kube da zai rataya ƙarƙashin riga. Ba kuben ne a raina ba. Na san halin Babana, na tabbata yana ganin bindigar zai zazzage shi tas, ya ƙwace ta, ya jefa a rijiya. Salim yana jin nauyinsa ƙwarai, ko ido ba ya iya haɗawa da shi.

Ya je ya dawo da la'asar, fuskarsa a sake, abin da na yi wata biyu ban gani ba.

"Baba ya karɓi aikin. Ya ce in koma jibi."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Washegari akwai suna a gidan yayata a Dukawa, na nemi izini na tafi. Ko gidan sunan ban shiga ba, na zarce gidanmu. Na sami Baba ba a zaure ba, a ɗakin ajiyar fatunsa na ciki, ya turo ƙofa.

"Baba, ashe da kai za a haɗa baki a mai da ni bazawara? Na turo maka shi ka hana shi, kai kuma ka auna masa kube?"

"Rufe ƙofar nan, ki rage murya. Bakinki kamar na 'yan koli."

"Ba zan rage ba!"

"To kar ki rage. Zo ki ga."

Ya miƙo mini kuben. Ban taɓa ganin kyakkyawan aiki irinsa ba. Jar fatar akuya ce mai laushi, ɗinkin ƙanana a jere, da igiyar ratayawa mai faɗi don kar ta ci kafaɗa. Ya ce in sa yatsa a ciki in lasa. Na sa, na lasa, na tofar. Gishiri ne zalla, da wani ɗaci-ɗaci.

"Na yi masa magana," in ji Baba. "Sa'a guda ina yi. Kansa a ƙasa, yana 'to Baba, to Baba'. Na san wannan 'to' ɗin. In na ƙwace wannan, gobe zai sayi wata a hannun sojan da ya gudo, sun cika gari. In na ƙi ɗinkawa, badukai nawa ne a Kurmi? Gara ta zauna a jikinsa, ya ɗauka yana da bindiga."

Daga nan ya yi mini bayani. Shafin ciki ba jemammiyar fata ba ce. Ɗanyar fata ce irin wadda ake cika wa gishiri don a tura waje, ya kankare ta ta yi siriri, ya jiƙa ta da ruwan kanwa da tsamiya, ya shanya a inuwa. Ya nuna mini tukunyar kulokonsa a bayan ƙofa, wato baƙin rinin da badukai ke haɗawa ta hanyar jiƙa guntayen ƙarfe cikin ruwa mai tsami har su ruɓe.

"Shekara arba'in ina ruɓar da ƙarfe a tukunyar nan. Gishiri, da tsami, da laima, abin da ƙarfe ba ya so ke nan. Biyu na sa masa. Na ukun kuma gumin mijinki ne zai kawo."

"In ya zaro ta ya duba fa?"

A nan ne Baba ya ɗan yi murmushi. Ashe Salim ya je wurin wani malami ya karɓo layar rufe idon masu bincike, ya kawo a haɗa da kuben. Kowa a birni ya san ƙa'idar laya: da zarar baduku ya ɗinke ta, ba a farkewa, in an farke ta tashi aiki. Sai Baba ya ce in an sa bindigar a ciki zai ɗora layar a kan bakin kuben, ya bi da ɗinki ɗaya ya haɗe su, yadda ba za a buɗe baki ba sai an tsinke zaren layar.

"Zan gaya masa, ranar da ya farke, ranar layar ta gama aiki. Kuma lallai ta taɓa fatar jikinsa dare da rana. Ba zai buɗe ba sai a gaban mutumin."

Na tambaye shi kwana nawa tsatsa za ta ɗauka kafin ta kashe bindigar. Ya murza gemu.

"Ban sani ba. Wuƙa na sani, takobi na sani. Wannan ban taɓa yi mata kube ba. In damina ta ratsa ta gaba ɗaya, ina sa rai. In yaron nan ya zo da wuri..." Can ya ce, "Akwai kuma wani abu. Na taɓa ji a bakin maharba cewa bindigar da tsatsa ta ci rabi takan fashe a hannun mai ita. Ki yi ta addu'a ta ci ta duka."

Na fito daga ɗakin na wuce gidan yayata. A gidan suna aka yi ta tsokanata wai laulayi ne ya hana ni cin waina.

Salim ya rataya kuben a cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ko a inuwa mutum yake zaune sai gumi ya jiƙa shi. A ƙarƙashin hammatarsa ta hagu yake zama, kan haƙarƙari, 'yar ciki a sama, babbar riga a kanta. Wanka kaɗai ke raba su, shi ma a ƙusar banɗaki yake ratayewa. Ni da na saba yi wa zafin Kano tsinuwa, a shekarar nan godiya nake yi duk ranar da rana ta ƙwalle.

Bayan kamar mako uku ina wanki na ga wani tabo ja-ja a 'yar cikinsa, daidai hammata, girman kwabo. Na kai hanci, na ji ƙarnin ƙarfe. Daɗi ya kama ni, tsoro ya biyo baya nan take, domin in na gani shi ma zai iya gani. Tun daga ranar na shiga sana'ar da ba wanda ya sani. Kowace safiya kafin ya fito wanka nakan ɗauke 'yar cikin jiya in ajiye masa wata. In ya fita in matse lemon tsami a kan tabon, in shanya a rana, in wanke, in sake. Wadda tabon ya ƙi fita in tura ta murhu. Sai da na ƙona guda huɗu, na ɗinka masa sababbi da hannuna, na rina su da shuni mai duhu na ce farin yana saurin dauɗa. Ya ce na kyauta.

Ruwa ya sauka a watan Yuni. Ɗakunan ƙasa suka ɗauki sanyi, gishirin miya ma yana narkewa a cikin kwano. Tabon ya girma ya kai tafin hannu.

Wata ranar Asabar ya dawo daga kasuwa tun kafin azahar, yana tafe yana karkace. Ya cire riga ya ce in duba masa. Inda kuben ke kwanciya fatar jikinsa ta yi ja ta saɓule, tana tsattsafo da ruwa. Gishirin ya fara ratso jar fatar yana cinsa. Ya ciro kuben ya juya shi a hannu, ya matsa, ya kai hanci.

"Wani irin wari yake yi. Kuma ya yi tauri. Miƙo mini aska in duba cikinsa."

Askar tana kan taga, taku biyu daga inda nake. Na ji cikin da ke jikina ya motsa. Na san in na nuna tsoro ya gane, in na yi gardama ya ƙara zargi. Sai na ɗauko askar na miƙa masa, na taɓe baki.

"Ungo, farke. Ni da ma haka nake so. Layar ta tashi aiki, gobe sojoji su tare ka a ƙofa su karɓe tsiyar, kowa ya huta. Ko ɗaurin shekara biyu suka yi maka ya fi mini abin da kake shirin yi."

Ya tsaya da askar a kan zaren. Ina kallon bakinta ya ɗan shiga ƙarƙashin ɗinkin farko. Daga baya ya janye ta ya ajiye.

"Wayonki ke nan. To ba zan farke ba."

Na shafa masa man kaɗanya a ciwon, na naɗa masa tsumma mai laushi, ya mai da kuben a kai.

Baba ya so damina ta ƙare tukuna. Ba ta ƙare ba. A tsakiyar Agusta, ranar wata Laraba, mai kawo mana ruwa ya faɗa a tsakar gida, ba da wata manufa ba, cewa Gwadabe soja ya zo hutu, ana ta shiga gaishe shi. Salim yana alwala a lokacin. Ya ƙarasa alwalarsa a nutse, har da wanke ƙafa sau uku-uku.

Ranar Alhamis bai je kasuwa ba. Ya kira wanzami ya yi masa aski, ya yanke farce, ya fito da rigar da ya sa ranar ɗaurin aurenmu. Ya ba ni makullin rumfarsa ya ce in ajiye. Na aika wa Baba da tuwo a kwano, na ce a gaya masa baƙon da ake jira ya sauka. Aka dawo mini da kwanon ba a taɓa tuwon ba, ba kuma wani saƙo.

Ranar Juma'a ya fita masallaci da wuri. Na riƙe masa riga a bakin ƙofa, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya ce in yafe masa. Na zauna a tsakar gida kan turmi. Ana yayyafi, ban tashi ba. Gidan su Gwadabe lungu uku ne daga namu, na san in ta tashi zan ji. Na ji an tayar da salla, na ji an sallame, na ji mutane suna dawowa suna hira a waje. Wata maƙwabciya ta saki murfin tukunya a ƙasa, na yi ihu har ta leƙo ta katanga tana tambaya ko naƙuda ce. Abu uku nake jira, kuma ban san wanne zai zo ba: ƙarar da za ta kashe Gwadabe, ko wadda za ta cire wa mijina hannu, ko shiru.

Wajen ƙarfe uku ya shigo. Ba jini a rigarsa. Ya wuce ni ya shiga turaka, na bi shi. Ya fito da hannunsa na dama daga cikin riga, tafin duk ya yi ja da tsatsa, ɗan yatsansa ya tsage. Ya jefar da bindigar a kan tabarma. Da ba don na san ta ba da ban gane ta ba. Ta yi ja ta kumbura, ɓawon fata ya manne mata ko'ina.

Ya faɗa mini yadda aka yi. Ya sami Gwadabe a ƙofar gidansu cikin masu gaisuwa. Ya sa hannu cikin riga, ya tsinke zaren da farce, ya fizgo bindigar da ƙyar. Ya matsa har suna jin numfashin juna, ya saita ta daga cikin rigar, ya ja kunamar. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sake ja da dukkan ƙarfinsa har yatsansa ya fashe. Shi kuwa Gwadabe, da bai san abin da ake ciki ba, ya kama hannunsa na hagu da hannu biyu, ya fashe da kuka yana cewa, "Yaya Salim, ya haƙuri? Yaya Salim, ya haƙurinmu?" Mutane suka yi ta ba su baki su biyun.

Na yi hamdala a zuci, ban bari ta fito fuska ba. Na ɗauka an gama. Sai na ga ya ɗauki kuben, ya sa aska ya tsarge shi gida biyu, ya kai bakin taga. Na manta ɗan wane ne. Mutumin da ya tashi a cikin rumbun fatun ubansa ba ya bukatar a gaya masa mece ce fatar gishiri. Ya kankara da farce, ya lasa. Sannan ya juyo ya dube ni, ya dubi shuɗiyar 'yar cikin da ke jikinsa, ya daɗe yana kallonta.

"Ɗauko mayafinki."

Ya kulle bindigar a adaka, ya ɗauki kuben kaɗai. A hanya yana gaba ina baya, da cikina wata bakwai, muna tsallake kwatoci. Sau ɗaya ya yi magana, bai ko waiwayo ba.

"Tambaya ɗaya zan yi masa. In da sani ya yi, to da saninki. A can zan bar ki."

Mun sami zauren Baba cike, kamar kowace Juma'a bayan la'asar. Abokan sana'arsa ne, su Malam Jibrin da Malam Nata'ala, da waɗansu uku. Na wuce ciki na laɓe a bayan ƙofar soro. Salim ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe su yadda ya saba, sannan ya ajiye kuben a gaban Baba, cikinsa a sama. Bai faɗi abin da aka sa a ciki ba, su kuma suka ɗauka na wata wuƙa ne mai daraja.

"Baba, ƙarfen da na sa a nan ya ruɓe. Na duba shafin, fatar gishiri ce. Ina so in sani, da sani aka sa, ko kuskure ne?"

Malam Jibrin ya ɗauka ya lasa, ya miƙa wa Malam Nata'ala. Ya zaga hannu biyar, kowa ya lasa. Ko wanda ya fara koyon dukanci jiya ba zai shafe kuben ƙarfe da wannan fata ba. Malam Jibrin ya yi 'yar dariya ya ce ai wannan ba aikin Maharazu ba ne. Malam Nata'ala ya juya bayan ya ga ɗinkin, ya ce aikinsa ne.

Ta tsagar ƙofa ina hango fuskar Baba. Na san shi. Na san abin da ke kan harshensa: ya ce e, da sani na yi, kuma in ka kawo wata gobe haka zan sake yi. Gaskiya ce, kuma da ya faɗe ta da ba wanda zai raina aikinsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Sai idonsa ya sauka kan ƙofar da nake bayanta, ya gane aurena ne ke rataye a kan amsarsa.

Ya miƙa hannu ya lalubi kuben, ya wuce shi, ya sake lalubowa, kamar bai ga inda yake ba. Ya ɗaga shi har yana taɓa hancinsa, ya ƙanƙance ido.

"Ashe ita na sa?" Muryarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba. "Subhanallahi. Wuri ɗaya na ajiye su da jemammiyar. Malam Salim, ka yafe ni. Idona ne. Ya fi shekara yana yi mini hazo, kunya ta hana ni faɗa."

"Haba Maharazu," in ji Malam Jibrin, "ido ya tafi, hancin fa? Harshen fa?"

"Duk sun bi shi, Jibrin. Tsufa ne."

Salim ya daɗe a durƙushe yana kallonsa. Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba." Ya tashi ya sa takalmi, ya ce a gaya mini in fito mu tafi gida.

Gwadabe ya koma bakin daga bayan kwana goma. Kafin ya sake dawowa an gama yaƙi, na haifi ɗana, Salim ya sa masa suna Ramadan, kuma wutar da ke cikinsa ta mutu da kanta. Bai sake neman wata bindiga ba. Tsohuwar ya jefa ta a kududdufi wata safiya. Da Gwadabe kuwa, gaisuwa ce kawai tsakaninsu har suka tsufa.

Amma maganar da Baba ya faɗa a gaban mutum biyar ba ta komawa ciki. Kafin mako ya zagayo duk Kurmi ta ji cewa idon Maharazu ya mutu, har ya shafe kube da fatar gishiri. Malamai suka koma kai layunsu wurin Malam Jibrin. Shi ma Baba ya san in aka ga basilla a hannunsa ko sau ɗaya, labari zai kai Dandalin Turawa kafin magariba. Ya tattara kayan aikinsa ya rabar. Ya sayi sanda. Mutumin da ke hango ɓarakar ɗinki daga ƙofar zaure ya koma ana kama masa hannu a tsallakar da shi kwata. Shekara goma sha ɗaya ya yi a haka, yana zaune a zauren da babu ko ƙyallen fata, majeman da ya taɓa wurga wa kayansu suna wucewa suna yi masa sannu da ƙarfi kamar kurma. Na sha cewa zan gaya wa Salim gaskiya tunda abin ya wuce. Sai Baba ya ce in na kuskura ba shi ba ni.

Wata biyu kafin rasuwarsa na je duba shi da rana. A hanya igiyar takalmina ta tsinke, na ƙarasa ina jan ƙafa. Yana kwance a ɗakinsa, ba kowa a gidan sai mu biyu. Ya dubi takalmin tun daga bakin ƙofa.

"Wane mugun ne ya ɗinka miki wannan? Miƙo."

Ya ce in ɗauko masa babbar allura da zare a kwandon Inna. Ya tashi zaune, ya zura zaren a karo ɗaya. Ya miƙe ƙafa ɗaya, ya ɗora takalmin a gwiwa. Hannun nan da nake gani yana rawa in zai ɗauki kofi ya tsaya cak. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na wannan lokaci ba. Kafin in gyara zama ya gama, ɗinki tara ƙanana a jere. Ya riƙe takalmin yana juya shi, yana shafa ɗinkin da babban yatsa.

Sai muka ji sallamar Salim a zaure, ya zo ɗaukata.

Baba ya kai takalmin bakinsa, ya sa haƙori ya tsinke zaren, ya zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya har tara, ya tura allurar ƙarƙashin tabarma. Ya miƙo mini takalmin a tsinke yadda na kawo shi, ya koma ya kwanta ya juya fuska bango.

"Ki biya ta wurin Jibrin ya kama miki," in ji shi. "Ki ce wa mijinki ya shigo."